Yadda Aka Koya wa Injin Babanki Shan Iska

Ummi, akwai labarin da ake bayarwa a gidan nan duk sanda aka yi baƙi, kin sha jin sa kina wasa a gefen tabarma, ko da yake ba ki kai ki gane ba tukuna. Ana cewa injin babanki ya taɓa yin kunnen ƙashi har ya kusa kashe ƙwan Inna. Sai a yi ta dariya, shi ma ya yi, har ya tuna musu wuraren da suka manta. To ba duka labarin ke nan ba. Ni a aji huɗu na tsaya, rubutun nan ma a hankali nake yin sa, ina yi ina gogewa. Amma ga ni da cikin ƙaninki ko ƙanwarki, ga ni mai yawan tsoro, kuma duk abin da ban faɗa ba yakan zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba. Gara in sauke miki shi a takarda.

Daminar da kike wata takwas Inna, mahaifiyata, ta baro ƙauyenmu na bayan 'Yandoto ta zo mana Gusau. Na riga na rubuta miki abin da ya tashi mutane daga can, ba zan maimaita ba. Abin da ban rubuta ba shi ne kayan da ta zo da su. Ƙullin tufafi ɗaya ne, sai wata ƙwarya da ta rungume tun daga Tsafe, ta hana kowa taɓawa a cikin mota. Da ta sauke ta buɗe, sai ga dusa, a cikin dusar kuma ƙwan zabi ashirin da uku. Zabin nan ba na kasuwa ba ne. Asalinsu guda huɗu ne da uwar Inna ta ba ta lokacin da aka kai ta ɗaki, masu farin ƙirji, kuma tun daga nan irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. Ranar da za a tashi zabin suka watse cikin daji, ai ba a kama zabo da gaggawa. Sai ta lallaɓa gindin sabarar da suke yin ƙwai ta kwaso. Ta ce mini da ludayi ta kwashe su, ba ta sa hannu ba, don in zabuwa ta ji warin hannun mutum takan sauya wuri. Na ce mata, Inna, ke da ba za ki koma gobe ba, me ya dame ki da ta sauya wuri? Sai ta ci gaba da gyara dusar.

A ƙauye kaza ake sa wa ƙwan zabi, don zabuwa ba uwa ba ce. Na zaga unguwa da ke a bayana ina tambayar kaza mai kwanci, gida ya fi goma, ban samu ba. Mutanen birni da zarar kaza ta fara kwanci sai su tsoma ta a ruwa don ta bar kwancin. Ƙwai kuma ba ya jiran kowa, in ya wuce mako guda ba a sa shi ba ya fara mutuwa. A lokacin akwai wani inji a zauren gidanmu. Babanki aikinsa gyaran sola da famfunan burtsatse, amma zuciyarsa tana wurin ƙere-ƙere, kuma ya yi wata biyu yana mai da wani tsohon firji injin ƙyanƙyasa, saboda wani Alhaji mai gidan kaji a Bungudu da ya ce yana so. Ya gama, saura a zo a ɗauka. Ni na roƙe shi ya bari mu sa ƙwan Inna a ciki. Na san abin da nake roƙo, don ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake yi, kuma Alhajin ba mai haƙuri ba ne. Babanki ya murza gemunsa, sannan ya ce in je in tambayi Inna ko ta yarda a sa ƙwanta a firji. Alhajin ya aiko sau biyu, a na uku ya ce a bar shi, ya sayo na kanti daga Kano. Babanki bai taɓa yi mini gorin wannan ba, ko da wasa.

Sai na gaya miki yadda injin yake, don in ba ki san wannan ba sauran ba zai shige ki ba. A saman firjin akwai wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannuna ba, wayoyi sun fito daga jikinsa zuwa hita da fanka da ƙaramin injin da ke karkata tiren ƙwai. Babanki ya ce a cikin allon akwai wani abu da ya kira tafinta. Ba mutum ba ne, shiri ne irin na kwamfuta, aikinsa ya karanta abin da aka rubuta masa layi bayan layi ya aikata. Amma tafintan nan kalmomin da ke cikin jerinsa kaɗai ya sani. Ya zo daga inda aka yi shi da nasa na lissafi da na maimaita aiki, bai san hita ba, bai san ƙwai ba. Babanki ne ya ƙara masa huɗu da Hausa: zafi, juya, fanka, tsaya. In ka rubuta masa juya a wata tsohuwar waya da aka haɗa da shi, sai ka ji tiren ya yi ƙara ya karkata. In ka rubuta abin da ba ya cikin jerin, sai ya ce bai san wannan ba. Na taɓa rubuta masa sannu don in gani, haka ya ce mini.

Inna ta yi kwana uku tana zama gaban firjin nan kamar mai jinya. Tana sa bayan hannunta a jikin ƙofar, tana kasa kunne. Kin san tsakanin suruka da mijin 'yarta akwai kunya, balle Inna da ta riƙe ta da ƙarfi. In babanki zai shiga zaure sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa bangon. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa ta bakina take bi, alhali taku uku ne tsakaninsu. A rana ta huɗu ta kira ni, yana tsugune yana duba batir, ta ce:

"Auta, ki hwaɗa ma mai gidan, wanga abu nashi bai san kwanci ba. Kaza ba ta zama bisa ƙwai kamar dutse. Takan tashi da hantsi ta ci ta sha ta yi wankan ƙasa, ƙwai su sha iska, kana ta dawo. Wanga tun da anka rufe shi ban ga ya tashi ba."

Na juya na maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Ya ce in gaya wa Inna littafin da ya karanta bai ce dole ba ne. Na juya na gaya mata. Ta ce in tambaye shi mai littafin zabi nawa ya taɓa ƙyanƙyashewa. Wannan ban maimaita ba, don na ga kafaɗunsa suna rawa, yana danne dariya. Da muka shiga ɗaki ya ce gidan nan tafinta biyu ne, kuma na jikin firji ya fi sauƙin kai. Amma da azahar sai ga shi ya ɗauko kwamfutarsa ya shimfiɗa tabarma.

Na zauna kusa da shi ina ba ki nono, ina kallo, don ni ko ban gane abu ba ina son in ga yadda hannu yake yin sa. Ya ce tafinta ba zai iya buɗe ƙofar iska da kansa ba, sai an yi masa sabon umarni, kuma sabon umarni aiki uku ne. Da fari ya rubuta aikin kansa da wani yare mai wuya da ake kira Si, wanda allon yake ji kai tsaye ba tare da tafinta ba: a kashe hita, a buɗe 'yar tagar da ke bayan firjin, a kunna fanka, a jira, a rufe, a mai da hita. Wannan ya ɗauke shi har la'asar, yana rubutu yana tsaki. Sannan ya buɗe wurin da jerin kalmomin tafinta yake, ya ce yanzu za a raɗa suna, a ɗaure sunan da aikin, yadda in an kira sunan tafinta zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya ce ni zan raɗa. Na ce shan iska, tunda haka Inna ta ce. Ya rubuta shaiska a haɗe, ya ce duk abin da aka rubuta a gaban sunan saƙo ne da tafinta zai miƙa wa aikin, a nan saƙon shi ne yawan mintin da za a jira. Na ukun shi ne ɗura sabon shirin gaba ɗaya cikin allon ta kebul. A nan ne ya yi mini kashedi. Ya ce akwai ɓangaren da bai gama ba, in wuta ta yanke wa allon zai manta takardar aikinsa ta kullum, ba zai sake kunna hita ba sai an dawo da kwamfuta an ɗura masa. Don haka ko me zai faru kada in cire waya daga batir.

Ya so ya sa injin ya riƙa shan iskar da kansa kullum ƙarfe goma, minti goma sha biyar. Inna ta ƙi. Ta ce kaza ba ta da agogo, sama take dubawa. Ranar da rana ta buɗe takan daɗe a waje, ranar hadari ko tsaki ba ta gama ci ta komo. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Kullum da hantsi Inna za ta fita tsakar gida ta ɗaga kai, ta ce yau kamar a dama kunu, ko ta ce yau kamar a wanke kwanoni a kife. Ni kuma in mai da shi minti in rubuta. Ranar farko na duba abin da na rubuta sau biyar kafin in tura. Da na ji tagar ta buɗe, fanka ta tashi, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Ni da malamin aji huɗu ya ce kaina ba ya ɗaukar karatu, ga ƙarfe yana bin abin da na rubuta. A kwana na goma muka rufe ɗaki muka toshe taga da bargo, babanki ya haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya. Goma sha tara suna da jijiyoyi ja kamar saiwar gero, huɗu fanko ne. Inna ta yi hamdala, ranar ta ci tuwo malmala biyu, abin da ba ta yi ba tun zuwanta.

Ranar kwana na goma sha shida babanki ya tafi wani ƙauye gaba da Bungudu gyaran famfo, ya tafi da kwamfutar a jakarsa. An wayi gari da yayyafi da iska mai sanyi. Ke kuma haƙori kike fitarwa, tun safe kina ƙananan koke-koke, jikinki da ɗumi, ni kuma in jikinki ya yi ɗumi hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Inna ta leƙa waje ta ce yau kaɗan, kamar a yi alwala. Na ce minti goma ke nan. Na ɗauki wayar da hannu ɗaya, kina ɗaya hannun kina banƙarewa, na rubuta na tura. Ban duba ba. Kwana goma sha ɗaya ina dubawa sau biyar, ranar ban duba ko sau ɗaya ba, idona yana kan goshinki. Na tafi na jiƙa tsumma ina shafa miki. Sai can na lura har yanzu ina jin ƙarar fanka daga zaure, alhali na gama shafa miki, na sauya miki riga, na wanke wadda kika ɓata. Na je na ɗauki wayar. Abin da na rubuta yana nan a sama: shaiska, sannan ɗaya da sifili uku. Yatsana ya daɗe a kan sifilin. Dubu na ce masa.

Na tsaya ina ƙirga da yatsu, sittin awa ɗaya, sittin biyu awa biyu, na ga ba zan kai ƙarshe ba, na dai gane sai can tsakar dare zai rufe. Na rubuta tsaya. Bai ce komai ba. Na sake rubutawa, na rubuta zafi, na rubuta har da sannu don ko ya ce mini bai san wannan ba, shiru. Daga baya babanki ya bayyana mini dalili. Tafinta ya miƙa saƙona ga aikin, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran aikin ya gama ya fito, aikin kuma yana ciki yana ƙirga mintinsa dubu, ba wanda ya rage da zai saurare ni. A lokacin ban san wannan ba. Na tura tagar da hannu ta rufu, amma hita a kashe yake, fanka tana ta busa sanyi a kan ƙwan. Na kama wayar batir, na tuna kashedinsa, na sake ta. Na kira shi ya fi sau goma, layin ba ya shiga. Na buɗe firjin na taɓa ƙwai ɗaya a kumatuna, ɗumin ya fara guduwa.

Inna ta same ni a haka. Ban ce mata komai game da sifili ba, na ce injin ya ƙi rufewa kuma ba ya jin magana. Na zaci za ta yi salati ta zauna. Sai ta ɗaure zaninta ta ce in hura gawayi. Ta zuba dusa a tukunya tana juyawa bisa wuta kaɗan-kaɗan, tana ɗiba tana kaiwa fatar idonta, ta ce in ido ya ji zafi to ƙwai ma zai ji. Ta shimfiɗa dusar a ƙwarya ta jera ƙwai goma, ta rufe da zani, ta ɗora ƙwaryar a cinyarta ta duƙa a kai ta lulluɓa da bargo. Sauran taran ta naɗe su a ɗankwali ta ɗaura mini a ƙirji, ƙarƙashin riga, fata da fata, ta ce kada in yi motsi mai ƙarfi, kada in yi tari. Haka muka zauna a ɗaki, ruwa yana sauka a kan kwano. Dusa ta huce, a sake ɗumamawa. Ke kuma kina son wurinki, kin rarrafo kina jan rigata, kin tarar ƙwai sun riga ki. Kukan da kika yi ranar har yau ina jin sa. Na kasa ɗaukar ki, na kasa ajiye su, sai na kwantar da ke a ƙafafuna ina jijjigawa ina hawaye. Inna ta miƙo hannu ɗaya daga cikin bargo tana bubbuga bayanki, tana ce miki, yi haƙuri takwara, baƙi ne, ba su daɗewa.

Sai bayan azahar layin ya shiga. Na ce masa kawai umarnin ya ƙi ƙarewa. Ya bar famfon mutane a kwance, ya hau babur cikin ruwan nan. Ana kiran la'asar ya shigo, jiƙe har cikin takalmi, ya naɗe kwamfutar a leda uku. Abu na farko da ya ɗauka wayar ce. Na ga idonsa ya sauka a kan layin da na rubuta, ya daɗe a kai. Ya ɗago ya dube ni, da ƙwai ɗaure a ƙirjina da idona a kumbure. Sai ya share layin da yatsansa, ya je bakin ƙofar ɗaki ya durƙusa, ya ce:

"Ki gaya wa Inna ta gafarce ni. Umarnin da na rubuta ne bai cika ba."

Na buɗe baki, ya girgiza mini kai kaɗan. Sai na juya na maimaita wa Inna kalmominsa kamar yadda na saba. Ummi, wannan ita ce ƙaryar da na taɓa yi wa uwata, kuma da bakin wani na yi ta. Inna ta ce daga cikin bargo, in gaya masa ya fara sauya tufafi, gawa ba ta gyaran inji.

Ya kashe allon ya sake ɗura masa tsohon shirin don hita ya tashi, muka mai da ƙwan. Amma bai tashi daga tabarmar ba, ni ma ban tashi ba. Da Inna ta fita alwala na ce masa laifina ne, kuma ya san laifina ne. Ya ce a'a. Ya ce yatsa yakan zame wa kowa, shi ma ya sha zame masa. Ya ce lokacin da yake rubuta aikin kansa kawai ya tuna, mutumin da ke zaune da hannu biyu da natsuwa, bai tuna mai goyo ba. Umarnin da zai karɓi duk abin da aka miƙa masa bai duba ba, ya ce, ba a gama rubuta shi ba. Ban yarda da shi duka ba, har yau ban yarda ba, amma na ce to tunda haka ne akwai abin da nake so. Ya ce in faɗa, ya ɗora yatsunsa a kan kwamfutar.

Na ce ina so ya riƙa ƙi na. In na ba shi abin da ya wuce hankali ya ce a'a, kada ya yi mini biyayya. Babanki ya tambayi iyaka, na leƙa na tambayi Inna mafi daɗewar da kaza take yi a waje, ta ce kamar a je rijiya a dawo, muka tsayar da talatin. Ya rubuta a farkon aikin cewa kafin a taɓa hita a fara duba saƙon: an ba da shi ko an manta, lamba ce ko shirme, ta wuce talatin ko ba ta wuce ba. In da matsala aikin ya komo wa tafinta da dalili, tafinta ya faɗa mini da Hausa. Na ce na biyu, kada ya sake shiga ya rufe ƙofa. Na ce ni in ina tuƙa tuwo ba na jira sai na sauke kafin in waiwayi 'yata, ina tuƙi ina waiwaye. Wannan ya fi ba shi wuya. Sai da ya warware aikin gaba ɗaya, ya mai da shi yadda zai buɗe taga kawai ya ajiye alamar lokacin rufewa, ya fito nan take ya sallami tafinta. Tafinta kuma ya ci gaba da zagayensa, yana duba zafi, yana duba alamar, yana sauraron waya. Kafin magariba ya miƙo mini wayar ya ce in rubuta dubu. Na ce ba zan iya ba. Ya ce in rubuta, ai don wannan aka yi shi. Na rubuta na tura, na runtse ido. Fanka ba ta tashi ba. Da na buɗe ido ga abin da ya ce: A'a, ya yi yawa, iyaka talatin. Na karanta wa Inna da ƙarfi. Ta ce to madalla, yau dai an samu mai hankali ɗaya a zauren.

Kwanakin da suka rage ban san yadda na yi su ba. Da muka sake haskawa, wasu suna motsi, wasu inuwar cikinsu ta tsaya cik, babanki ya ce ba a tabbatarwa, a bar su duka. Nakan tsaya gaban firjin in yi ta ƙirga su ta gilashi, kamar ƙirgar za ta ƙara musu rai. Ana saura kwana uku Inna ta sa aka daina juyi da shan iska, aka ƙara kwanon ruwa a ƙasa. Ranar kwana ashirin da bakwai da hantsi ina shara sai na ji wani ɗan sauti siriri daga zaure. Na yar da tsintsiya. Ɗaya ya huda ɓawonsa, bakinsa kaɗai ake gani. Inna ta hana a buɗe, ta zauna ta kafa goshinta a jikin gilashin, ta manta da mayafi, ta manta babanki yana tsaye a bayanta. Zuwa washegari da la'asar goma sha biyu sun fito, sun bushe, suna tuntuɓe da juna da 'yan ƙafafunsu ja. Bakwai ba su fito ba. Mun ƙara musu kwana biyu, shiru.

Ni na kwashe bakwai ɗin zan kai bayan gida in binne. Suna da nauyi a hannu, kin san akwai abu a ciki. Na tsaya kan Inna da su a cikin kwano, tana zaune tana murƙushe gero wa 'yan zabin. Na ce, Inna, ranar da aka yi ruwan nan, akwai abin da ban faɗa miki ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce:

"Kaza ma takan hwasa nata da ƙahwa. Je ki rufe su ki kawo min ruwa a murhin kwalba, waɗanga ƙishi suka ji."

Ban sani ba ko ta sani, ban kuma sake samun ƙarfin tayar da maganar ba. Shi ya sa nake rubuta miki. In kin girma kika ji ana yi wa babanki dariyar injin da ba ya jin kira, ki yi dariyar tare da su, shi ma yana so, amma ki san wanda ya ɗauki kayan wani a kansa ranar.

Da 'yan zabin suka yi wata biyu farin ƙirjin ya fara fitowa, maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Wata Hajiya ta bayan layinmu ta nace a sayar mata da biyu, ta ce ai gidan haya ba wurin kiwon zabi ba ne, za su tashi su faɗa gidan mutane. Gaskiya ta faɗa, don sun riga sun fara hawa katanga. Ni ma na ce wa Inna ko ta rage su. Tana tsaye tsakar gida da ƙoƙon tsaba, su goma sha biyu sun kewaye ƙafafunta suna ta surutu. Ta watsa musu, ta dubi Hajiyar ta ce ta yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne, baƙunta suka zo yi kamar ita.

"A firji anka haihe su," in ji ta, "ba su san hanyar gida ba. Ni zan nuna musu."